Biyar ne ko Shida

Samarinmu na unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, suna da wata magana da suke yi idan aiki ya gagare su: "In komai ya ƙi, sai in sayi arabiyya in shiga Harami." Arabiyya ita ce keken da muke tura tsofaffi da marasa lafiya a kai su yi ɗawafi da sa'ayi. A ganinsu sana'ar wanda ya rasa sana'a ce, hannu biyu, ƙafa biyu, shi ke nan. Juma'ar da ta wuce na sake jin maganar a shagon shayi, daga bakin ɗan ƙanwata, magidanci mai 'ya'ya uku. Na ce masa zan rubuta amsa, don in na faɗa da baki zai ce surutun tsufa ne.

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina turawa. Kafin nan na yi direba a Ajaokuta, zamanin da Rashawa ke aikin ƙarfe a can, na tsinci Rashanci a bakin injiniyoyi da matansu da nake kaiwa cefane Lokoja. Shi ya sa har yau ake ce mini Musa Rusi. Na yi fataucin fata a Injamena, na zauna Omdurman, sannan Jidda. Ko'ina na ga masu ɗaukar mutane, ɗan acaba, mai amalanke, mai raksha, kuma dukansu aikinsu su kai ka wani wuri. Mu ba ma kai mutum ko'ina. Inda muka ɗauke shi nan muke sauke shi. Abin da ya ɗauke ka ka yi masa shi ne zagaye bakwai cif, kuma ibadarsa ce ya danƙa maka.

Wanda ya koya mini, Baba Haruna, mutumin Damagaram ne da ya iso ta Sudan tun yana saurayi. Makon farko bai bar ni na taɓa mutum ba. Buhun shinkafa biyu ya ɗora a keken, ya aza kwanon ruwa a sama, ya ce in gangara da su daga tudun Nakkasa in dawo. Ruwan ya zube tun ban yi taku ashirin ba.

"Ka karya ƙugun tsohuwa," in ji shi. "Koma ka ɗebo."

A wurinsa na koyi cewa gangara da baya ake yin ta, kai a ƙasa, alhaji a sama. Na koyi kallon dugadugan mutanen da ke gabana maimakon ƙeyarsu, domin ƙarfen da alhaji ke ɗora ƙafa daidai agarar mutum yake tsayawa, kuma wanda ka daka wa shi ba ya tuna cewa yana cikin harami. Kayan aikin ba su da yawa: keke mai tayar roba tsantsa wadda ba ta faci, birki mai kamawa gefe biyu, tawul na shimfiɗawa don ledar kujera tana ƙona cinya, gorar zamzam, safa mai roba a tafi saboda santsin marmara. Sai ƙaramin carbi mai ƙwaya bakwai, a ɗaure a hannun keke na dama. A benen da kekuna ke bi akwai koren fitila da ke nuna saitin Hajarul Aswad. Duk lokacin da ka iso ta, ka ja ƙwaya ɗaya. Baba Haruna ya ce ko sallama aka yi maka a wurin, ja tukuna, sannan ka amsa.

Alhazai kuwa iri-iri. Tsofaffin matan Turkiyya sai sun cusa maka alewa a aljihu. Na Indonesiya ba su da nauyi, har ka riƙa leƙawa ka ga ko suna nan. Na Masar suna nuna maka hanya a wurin da hanyar ɗaya ce. Namu na gida sai sun kira dangi a waya sun nuna musu Ka'aba, sannan su juyo da wayar su ce, "Ga ma ɗanmu na Kano, gaishe su."

Mummunar shekara ita ce ta korona. Aka rufe, Harami ya zama fili fari, ana ganinsa a talabijin kamar faranti da aka wanke. Kekena ya yi wata da watanni a bayan ƙofar gidana a unguwar Ka'akiyya, jikoki suna wasan mota da shi. Na koma gyaran kekunan marasa lafiya na cikin unguwa, ina canza taya da birki, wani ya ba ka shinkafa, wani ya ce Allah ya saka. Da aka buɗe kuma sai ga kekuna masu lantarki sun yawaita. Ban ƙi su ba, gwiwata ma ta gode musu. Sai dai har yanzu ban ga wanda ya san alhaji ya fara jin jiri tun kafin ya faɗa ba.

Aikin da nake so ku ji ya faru shekaru kaɗan kafin koronar, kwanakin da alhazai ke watsewa. Bayan Azahar wani jagoran ayari, Bahijaze da muka saba, ya kira ni a waya.

"Ya Musa, kana ina? Ina da shaibani a funduƙ, ba Larabci, ba Turanci. Daga Bolanda yake."

Shaibani tsoho ke nan, funduƙ otal, Bolanda kuma ita ce Poland a bakin Larabawa. Ban taɓa sanin akwai Musulmi 'yan asalin can ba. Ashe akwai, 'yan kaɗan, ana ce musu Tatar, kakanninsu sun zauna ƙasar tun ɗaruruwan shekaru, har harshensu na asali ya ɓace, addinin ya saura. Tsohon, Alhaji Yakub, ya kwanta asibiti tun saukowa daga Mina, bai yi ɗawafin ifada ba, wanda in babu shi babu hajji. Sa'ayinsa ya riga ya yi tun zuwa. Motarsu ta zuwa filin jirgin Jidda za ta tashi da an sallame La'asar, kuma daga funduƙ zuwa Harami tafiyar minti ashirin ce da keke. Ya haɗa Azahar da La'asar tunda matafiyi ne. Abin da ya rage shi ne mu gama bakwai mu fito kafin sahu ya toshe hanya.

Na same shi zaune a zaure, dogo, fari sol, da gashin baki kamar na tsohon soja. 'Yarsa, Hajiya Halima, tana tsaye kan jakunkuna. Na ga Bature daga wancan ɓangaren, sai na gyara murya na gaishe shi da Rashancina mafi kyau, irin wanda nake yi wa babban injiniya. Fuskarsa ta ɗaure. Ya dube ni tun daga hula har safa.

"Wa ya koya maka harshen nan?"

Na gaya masa.

"Mu dole aka yi mana a makaranta," in ji shi. "Na yi alkawari ba zan ƙara yin sa da son raina ba. Yau ga shi zan shiga ɗakin Allah da shi, tare da mutumin Afirka." Sai ya yi dariya har da tari. "Tura, tovarish, kwamared. Allah ya fi mu iya tsara abu."

Zagaye biyu na farko lafiya lau. Yana karanta addu'o'i daga wata takarda da aka rubuta Larabci da baƙaƙen boko, ina gyara masa inda ya karkace, ina jan ƙwayata. A na uku ya ciro wata takardar, tsohuwa, ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya yana nema musu gafara: Mustafa, Adam, Sulaiman, Bekir. Magana a ɗawafi ba ta ɓata shi, amma barin ta ya fi, kuma mai turawa ba shi da hurumin buɗe ta. Ni na buɗe.

"Baba, su wane ne waɗannan?"

"Mutanen babana. Rundunar dawaki ta Musulmi, a yaƙinmu da jajayen Rasha, 'yan kwaminis, shekarar 1920. Ba ka taɓa ji ba?"

Shekara shida na yi ina tuƙa Rashawa, sun ba ni labarin yaƙinsu da Jamus har na haddace, amma wannan ko sau ɗaya.

"Ba za su faɗa ba," in ji shi. "Ni malamin tarihin yaƙi ne, na koyar da hafsoshi, kuma rabin rayuwata an hana ni koyar da shi yadda ya faru."

To kun san malami da aka daɗe da toshe wa baki. Yana kiran suna, ya yi addu'a, ya ɗan juyo ya ba ni guntun labari. Ya ce ƙasarsu ta yi fiye da shekara ɗari babu ita a taswira, manyan maƙwabta uku sun raba ta. Da babban yaƙin duniya na farko ya ƙare, ta tashi. Sojan Jamus suka janye daga gabas suka bar fili babu mai shi, 'yan Poland suka nufo daga yamma, 'yan kwaminis daga gabas, babu wanda ya san inda iyaka take, sai bindiga ta faɗa. Da bazara 'yan Poland suka kutsa har Kiev, babansa a ciki, yana ɗan shekara goma sha tara, da alamar jinjirin wata a jikin tutar mashinsa.

"Mun yi nisa da gida, muka ɗauka an gama," in ji shi. "Sai rundunar dawakinsu ta fasa mu."

Ya kwatanta mini makamin da ya fi ba su tsoro: keken doki mai taushin tafiya, dawaki uku ko huɗu a gaba, an ɗora masa bindiga mai aman harsashi tana kallon baya. Ya sheƙo a guje, ya juya, ya yi ɓarin wuta, ya ɓace. Na ce na ga jikansa a Chadi, a-kori-kura da bindiga a baya, haka suke yi a cikin rairayi. Ya ji daɗin wannan har ya bugi hannun kujera.

"Ka gani? Soja ba ya ƙirƙira, canza doki kawai yake yi."

Daga nan sai ja da baya, mako bayan mako, dawaki na mutuwa, takalma sun ƙare. Yawancin sunayen takardar a wannan hanyar suka kwanta. Ya ce abin da babansa bai taɓa mantawa ba shi ne wani fursuna da suka kama daga cikin jajayen, ya durƙusa yana jiran harbi sai aka ji yana kalmar shahada. Batatare ne na Rasha. Suka tsaya suna kallon juna, daga baya suka ba shi burodi.

A watan Agusta jajayen suka iso ƙofar Warsaw, babban birni, a bakin kogin Vistula. Jakadun ƙasashe suka fara ɗaure kaya. Amma sun yi gudun da ya wuce abincinsu da harsashinsu, kuma rundunarsu ta kudu, wadda ya kamata ta zo ta rufe musu gefe, ta tsaya tana fama da wani birnin daban. Tsakanin rundunonin biyu sai ya zama siriri kamar bakin zane. 'Yan Poland sun sani, domin malaman lissafinsu sun kwance asirin saƙonnin rediyon jajayen, suna karantawa kamar wasiƙar gida. Da lokaci ya yi, don kada umarni ya isa ga kwamandojin, sai suka hau kan zangon rediyon suka yi ta buga farkon littafin Baibul, labarin halittar sama da ƙasa, ba tsayawa.

"Ka duba," in ji shi, "mutanen da suka ce babu Allah, suna jiran umarnin yaƙi, kunnensu cike da yadda aka halicci duniya."

Na yi dariya har keken ya karkace. Ya ci gaba da yadda aka tara sojoji a ɓoye a kudu, aka soki wurin siririn nan, aka ɓullo ta bayansu, rundunar da ke ƙofar birni ta wayi gari hanyar gida a yanke. Ina cikin jin wannan idona ya sauka kan carbi.

Ƙwaya biyar a jaye. Mun wuce koren fitila da kusan rabin zagaye, kuma na kasa tuna ko na ja a wucewar nan. Daidai wurin nake dariyar rediyo. In na ja, biyar muka gama, muna cikin na shida, saura wani bayan wannan. In ban ja ba, shida muka gama, wannan ne na ƙarshe. Ƙafafuna suna ce mini shida. Agogo ma shida yake so, domin masu shimfiɗa darduma sun fara fitowa, kuma zagaye ɗaya a bene ba ƙaramar tafiya ba ce.

A nan sana'ar take, ku masu cewa hannu biyu ƙafa biyu. Tsohon bai ƙirga ba, ya dogara da ni. In na sauke shi a fitila na ce an gama, zai yi mini godiya ya hau jirgi, babu mai sani har abada. Wataƙila hajjinsa cikakke, wataƙila da giɓi, a shekarun da ba a sa ran dawowa.

Na matsa gefe na taka birki.

"Baba, na yi maka laifi. Na ɓata lissafi. Ko biyar muka gama ko shida."

Ya dubi carbin, ya dube ni. "Kai me kake zato?"

"Shida. Amma zato ne."

"Me shari'a ta ce?"

"A yi gini a kan abin da aka tabbatar. Biyar. Sai dai in muka ƙara, sahu zai iya rufe mu, mota ta tafi."

Ya murza gashin baki. Sannan ya ce, "Ka san jajayen nan sun riga sun naɗa gwamnatin da za ta mulki Poland? Tana zaune a wani gari a bayansu, da hatiminta da takardunta, tana jiran a kira ta. Sun ƙirga Warsaw a cikin abin da suka ci tun ba su shiga ba. Shekara talatin ina gaya wa ɗalibai a asirce kada su ƙirga garin da ba su taka ba." Ya ninke takardar sunayen ya sa a aljihu. "Biyar ne. Saki birki. Kuma daga yanzu kada ka ƙara tambayata komai."

Muka ƙarasa wannan, na ja ta shida da ƙarfi har zaren ya yi ƙara, na nuna masa. Na ƙarshen shi ne aiki. Mutane sun fara zama rukuni-rukuni, masu jarkokin zamzam suna gittawa, hanya tana tsukewa. Ina ta "Ɗariƙ ya hajj, ɗariƙ ya hajja," wato a ba da hanya, ina kallon dugadugai. Shi kuwa da ya ce kada a yi magana, sai ya zama kwamanda. Yana zaune ƙasa-ƙasa, yana hango abin da ban gani ba.

"Kada ka tunkari tsakiya. Hagu. Ga masu kore can, ga masu ruwan ƙasa, ba ayari ɗaya ba ne, akwai rata tsakaninsu. Soka nan."

Na soka, muka wuce. Sau uku yana yi mini haka, kuma sau uku yana da gaskiya. Saura mu karya kwana ɗaya mu ga fitila sai ga askar, wato mai tsaron Harami, ya ja igiya ya tare hanyar kekuna.

"Halas ya ammi," in ji shi, wato an gama, baffa. "Salla. Bayan salla."

"Ya waladi, ɗana, ifada ce, zagayen ƙarshe, jirginsa yau. Ga fitilar can."

Ya girgiza kai. Alhaji Yakub bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya san soja in ya gan shi. Ya miƙe zaune, ya gyara kafaɗa, ya sara masa da yatsu biyu a goshi, irin ta sojan ƙasarsu. Saurayin ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Ya ɗaga igiyar, ya shiga gabanmu da kansa yana buɗe hanya.

Muka iso koren fitila ladan yana gyara lasifika. Na ja ta bakwai. Ya yi raka'a biyunsa a zaune, na ba shi zamzam, muka nufi ƙofa. Fita a wannan lokaci kamar hawan kogi ne ta inda yake gangarowa, duk duniya na shigowa kai kana fita. Dabarar ita ce ka juya keken, ka ba taron bayanka, ka riƙa ja. Sai ya zama yana fuskantar Ka'aba muna nisa da ita, yana ɗaga mata hannu, hawaye na bin gashin bakin. Da muka fito fili ya share fuska ya ce yanzu ya san yadda mai bindigar keken doki yake ji, sai dai dokinsa ɗaya ne kuma ya tsufa.

Na juya keken na ci gaba da turawa ina haki. Hanyar funduƙ hawa ce, kuma tun muna rabi na ji an sallame. Da muka karyo kwana na hango motar, injin na ruri, kowa ya shiga. Hajiya Halima tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan matakala, ɗaya a ƙasa, ta riƙe ƙarfe da hannu biyu. Direba yana yi mata Larabci, tana mayar masa da harshen Poland, jagoran ayari yana tsakiya yana duba agogo. Da alama sun daɗe a haka, kuma ba ita ce ke shirin gajiya ba.

Muka ɗaga shi ni da jagoran muka aza a kujerar gaba. Kafin in sauka ya kamo hannuna.

"Musa, faɗa mini gaskiya. Nawa muka yi?"

"Bakwai babu shakka, Baba. Wataƙila takwas."

"To, bakwai nawa ne," in ji shi. "In akwai na takwas, na babana ne. Ya nemi izinin zuwa nan har ya mutu gwamnatin kwaminis ba ta ba shi ba."

Ban san malamin da ya taɓa ba da wannan fatawa ba, kuma ban gaya masa haka ba. Na ce amin, na sauka, direba ya rufe ƙofa.